Daga Raɗa Zuwa Kwarmato: Muryoyin Kafanchan

'Yar yayata da ke karatu a kwalejin horon malamai ta Gidan Waya ta turo mini labarin da ta rubuta, wai in duba mata kafin ta kai shi gasa. Na yi dare biyu a kansa. Labari ya yi labari: akwai so, akwai kishiya, akwai attajirin da motarsa ba ta taɓa faɗawa rami ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Duk mutanen cikinsa, da yawansu, maƙogwaro uku suke karɓa-karɓa. In budurwa ce, cikin zazzaƙar murya za ta yi magana, ko da cewa za ta yi gishiri ya ƙare. In saurayi ne, cikin sanyin murya, kai ka ce a randa ya kwana. In kuwa uwar miji ce, ba ta da aiki sai daka tsawa, ta daka da safe ta daka da yamma, har na fara tausaya wa turmin.

Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Tun da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa a ƙarshen shekarun 1980 ake gadon muryoyin nan uku, daga littafi zuwa littafi, yanzu kuma daga waya zuwa waya. Na ce mata, "'Yata, a Kafanchan aka yanke miki cibiya, ki ce mini murya uku kika taɓa ji?" Ta ce, "Kawu, ai kalmomin ne babu." Maganar nan ta sosa mini rai. Bature guda, Bargery, ya zauna ya tara kalmomin Hausa wajen 39,000 a ƙamusunsa na 1934, ke kuma da aka yi miki tatsuniya da harshen ki ce babu? Da ta zo hutu na tashe ta da asuba na ce ta ɗauko biro.

In ana neman makarantar muryoyi, ban san garin da ya kai Kafanchan ba. Gari ne da jirgin ƙasa ya goya. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Enugu da Makurɗi ya haɗe da na Kaduna a nan, wani reshe kuma ya haura Jos inda ake haƙar kuza. Kwal ya bi ta nan, kuza ta bi, mutane ma suka bi, da yawansu suka sauka ba su sake hawa ba. Ga 'yan ƙasa Fantswam, ga Kaninkon, ga Bajju, ga Kagoro a gindin dutsensu, Atyap da Ham da Marwa ba nisa, ga Hausawa da Fulanin masarautar Jama'a, ga Ibo da Yarabawa ma'aikatan reluwe. Kowa ya zo da harshensa, aka haɗu a Hausa, amma kowa ya bar kiɗan harshen uwarsa yana bugawa a ƙarƙashin Hausar.

Wanda ke tashin garin shi ne ɗan kamashon tasha. Kafin gari ya waye tangaran yana bakin mota: "Jos! Jos! Saura mutum ɗaya!" Mutum ɗayan nan tun ina yaro ake nemansa, har yau bai iso ba. Ka leƙa motar ka ga mutum uku, biyu abokan ɗan kamashon ne da aka zaunar don cika ido, kana biyan kuɗi sai ɗayansu ya tuna ana kiransa a gida. Muryar ɗan kamasho ta daɗe da dushewa, in ya buɗe baki kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Sai dai dusasshiyar muryar nan hawa uku gare ta. Akwai ƙaraji, rabon wanda ke ƙetaren titi da jaka a kafaɗa. Akwai lallami, rabon mai buhunan doya: "Mama, zo ki shiga gaba, gaba babu kowa," alhali kujerar an sayar da ita sau biyu. Ta ukun ba kowa ke jin ta ba, can ƙasan maƙoshi take, ita yake yi da direba a bayan mota in an zo rabon kuɗi.

A nan na ce wa 'yar tawa ta buɗe littafinta. Marubutanmu duk ƙarar da ta fito daga bakin mutum ihu suke ce mata, alhali Bahaushe ya rarrabe su tun tuni. Ihu na wanda kunama ta harba ne, ko wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo. Kururuwa neman agaji ce, a kan ɓarawo ko gobara, wanda ya ji ta bai fito ba ya yi abin kunya. Ƙaraji ƙarfin maƙogwaro ne zalla. Hargagi ƙaraji ne da aka barbaɗa wa fushi. Kwakwazo hayaniya ce da ta fi abin da ya jawo ta girma, irin ta fasinjan da aka taka wa sabon takalmi. Kwarmato kuwa ɗaukar maganar ɗaki ne a kai ta tsakiyar kasuwa. Ɗan kamasho guda zai ba ka duka shidan kafin motar Akwanga ta cika.

A teburin mai shayi ba ka rasa tsohon ma'aikacin reluwe. Shi an saita masa murya ne tun zamanin da sai ka fi injin jirgi ƙara kafin abokin aikinka ya ji ka, da jirage suka yi ƙaranci kuma ba wanda ya tuna ya rage masa. Gaisuwarsa sanarwa ce. In ya ce a ƙara sukari, mai shayin layi na gaba ma sai ya ɗaga cokali. Ka kuskura ka tambaye shi hanyar Jos, zai jero maka tashoshi tiryan-tiryan, Kagoro, Manchok, Kuru, Bukuru, yana tsayawa a kowacce kamar fasinja za su sauka. Zai kuma gaya maka gadar Makurɗi sai a 1932 aka buɗe ta, kafin nan a kan ruwa ake tsallakar da taragai, yana faɗa kamar shi ya riƙe wa Turawan guduma.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne zancen fansho, nan kuma wani dangin kalmomi ne. Ƙorafi yana da adireshi, ka san wa ake kai wa. Gunaguni ba shi da adireshi, mutum ne da cikinsa, amo na fita kamar na hadarin da ke nesa. Ƙunƙuni na yaron da aka yi wa faɗa ne, yana tafiya yana yi, daidai yadda za a ji amo ba za a kama kalma ba, in aka ce "Me ka ce?" ya ce "Ba komai." Mita ƙorafi ne da ya ƙi mutuwa, a binne shi yau ya taso gobe. Baban reluwe shi kaɗai na sani da ke gunaguni da ƙarfin kururuwa.

Mai raɗa kuwa a bakin famfo ake samun ta. Za ta jawo maƙwabciya gefe, ta kare baki da gefen zane, ta ce, "Ke, tsakanina da ke, kada ya wuce nan." Raɗar tata irin ta tayar keken da ta huje ce, iska ce kawai ke fita amma duk layi an ji. Da ta yi maganar da muryarta ta kullum ma da ba wanda ya kula. Sassautawar ce ta sa kowa ya ajiye bokiti ya kasa kunne. Raɗa baki ɗaya ne da kunne ɗaya. In kawuna uku suka haɗu sunan ya koma ƙus-ƙus, alamarsa kuma ita ce kana isowa su yi tsit. Idan wadda ake yi da ita ta ɓullo, sai a kashe sauti leɓe ya ci gaba da aiki, wato zunɗe. Marubucin da ya ce "ta nuna ta" a inda ya kamata ya ce "ta zunɗe ta" ya zubar da rabin gulmar a ƙasa.

Ranar Lahadi ta tafinta ce. Hausa ta daɗe tana aikin coci a wannan yanki. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kuma a majami'u da dama da Hausa ake sujada har gobe. Amma in baƙon mai wa'azi ya zo daga kudu da Turancinsa, dole a nemi mai juyawa. Tafinta iri biyu ne. Akwai marowaci: baƙo ya yi minti biyu yana zuba, gumi na keto masa, tafinta ya karkace ya ce, "Ya ce ku gyara halinku." Akwai kuma wanda ya shekara goma yana jiran ranar da za a ba shi dama. Baƙo ya faɗi kalma huɗu a nutse, shi ya mayar da su arba'in, da karin magana biyu da labarin wani maƙwabcinsa da bai ambaci suna ba amma kowa ya waiwaya ya dube shi. Baƙo ya ɗaga murya, shi ya ninka. Can sai ka ga baƙon ya tsaya yana kallon jama'a suna share hawaye, yana mamakin ashe haka ya iya wa'azi.

Unguwar masallaci ma tana da nata. Akwai ladanin da Allah ya ba murya, wanda in ya kira assalatu mai nauyin barci ma sai ya ji kunyar juyawa. A kansa kalmar "zazzaƙa" ta halatta, ba a yi almubazzaranci ba. Akwai kuma mai tsaya masa ranar da ya yi tafiya, wanda ke farawa da hura lasifika sau uku da tari guda, don unguwa ta san an canja hannu.

Mai riƙe makirufo a wurin biki ba sai na daɗe a kansa ba. Jikan sanƙira ne da ya samu lantarki. Da ka ji ya ce "Ba zan ja ku da nisa ba," nemi kujera mai jingina.

In kana son ka ga murya mai mulki, je inda matan zumunta ke gwajin waƙa, da ankonsu da tulunan kiɗansu. Mai ba da waƙa galibi ƙaramar mace ce da ba za ka kula da ita a hanya ba. Muryarta siririya ce mai kaifi, irin mai ratsa kiɗa kamar allura a zane, tana bayarwa mata hamsin na amsawa, kuma duk wadda ta kauce ko ba a waiwaya ba an san ta. Da muryar nan dai take kiran ɗanta in ya yi nisan wasa, yaron ya ji daga gida na huɗu, yaran mutane ma su kama hanyar gidajensu don gudun tsautsayi. Ƙawarta ita ce mai guɗa, wadda ake gayyata biki don maƙogwaronta, ko ba a shiri. Na ja kunnen 'yar tawa kada ta sake ta haɗa guɗa da shewa. Guɗa rangaɗa ta ake yi, shaida ce cewa abin alheri ya tabbata. Je Kagoro ranar 1 ga Janairu, ranar bikin Afan, ka ji yadda take haurawa saman ƙahonnin maharba. Shewa kuwa da tafa hannu take tafe, kuma sau tari akwai wadda ake yi dominta, tana kusa, tana ji.

Sai dillalin citta, wanda ya kamata a ce ana koyar da shi a sashen wasan kwaikwayo. Kudancin Kaduna ne rumbun cittar Nijeriya. Daga Kaciya, Kwoi, Kubaca da kewayen Kafanchan ake loda busasshiyarta buhu-buhu zuwa Legas da ƙasashen waje. Muryar dillali tana bin inda kuɗi ya fuskanta. In yana saye a hannun manomi, za ka rantse ta'aziyya ya zo yi. Ya ɗauki citta ɗaya, ya karya, ya sansana, ya yatsina, ya marairaice: "Baba, kasuwa ta faɗi warwas. Wallahi don kai ne kawai, ni asara zan yi." Taku goma ya yi gefe ya kira mai saye, sai ka ji murya ta miƙe ta yi ƙiba: "Alhaji, irin kayan nan rabon da a gan su an manta. Mutum uku na kaina, kai na tsaya wa." Na farkon marairaicewa ne, na biyun cika baki, abin da ya ɗaure su kuma daɗin baki. Sau ɗaya na ga abin ya juye. A 2023 wata cuta ta ruɓar da citta a gonaki, shekarar da ba ta da abin dariya ga manoma ko kaɗan, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabo. 'Yan tsirarun da suka tsira da wani abu, a shekarar ne suka yi magana a gadarance, dillalai kuma suka ɗanɗani marairaicewa ta gaskiya, wadda ba a gwada ta a gida kafin a fito.

Kalmar nan "a gadarance" ta tuna mini da wani makami da Hausa ta ba marubuci kyauta, amma yake barin sa yana tsatsa. Ɗan ƙaramin "a" ne da kalma guda a bayansa: a daƙile, a hasale, a ƙufule, a sanyaye, a kasalance, a tsorace, a yatsine, a shagwaɓe. Ɗauki kalmar "to", harafi biyu kacal. Maigida ya ce zai yi dare a waje, uwargida ta ce "To" a daƙile. Mai hankali ya san ya dawo kafin isha'i. A ba dattijuwa labarin wanda ya saki matarsa, ta ja shi, "Tooo," wannan na nufin ci gaba, ina ji, kuma da ma na faɗa. "To fa!" an zo wurin. "To, to, to" a waya, mai shi katinsa yake tausayi. "To, shi ke nan" a sanyaye ya fi zagi ciwo. A takarda duk "to" ne, don rubutunmu na boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna tsawon wasali. Rubuta "A gindin kuka kuka ji kuka" ka ba wanda ke koyon Hausa daga littafi, ka ga yadda zai yi zuru; kai kuwa da ka tashi da ita bakinka ya rarrabe ukun ba tare da ka yi tunani ba. Tun da takarda kurma ce, aikin marubuci ne ya ara mata kunne.

Yanzu ga gwanata, mai abincin bakin kasuwa, sarauniyar tsaki. Ba ta ɓarnar kalmomi. Ka ce naman ya yi ƙanƙanta, ta ba ka gajeren tsaki, ɗan tsit, wanda fassararsa ita ce je ka sayo saniya. Ka ce za ka kawo kuɗin gobe, ta ba ka dogo, wanda ke farawa tun kana tsaye ya raka ka har bakin titi. Akwai wanda take haɗawa da harara, akwai na bayan an juya baya, akwai kuma na kaɗaici, wanda take yi wa itacen da ya ƙi kamawa ko tunanin wani abu da aka yi mata shekara bakwai da suka wuce. Marubutan waya sun ƙirƙiro masa rubutu, su jera baƙaƙe babu wasali, tsawon jerin gwargwadon zafin ran mai shi, kuma a nan na sara musu. Tsaki ba ya bukatar tafinta. Bajju ta yi Bahaushiya ta gane, Ibo ta yi Bafillatana ta rama. Ya ma ƙetare teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, har yau ana jan sa a Jamaika, a Faransa kuwa sai da wasu makarantu suka hana ɗalibai yin sa a aji. Ina jin da gwanata ta ji wannan doka, amsarta ba za ta kai kalma ɗaya ba.

Dattijon taro shi da gyaran murya ya dogara. Gyaran murya sallama ce in za a shiga inda surukai suke, gargaɗi ne in yaro ya fara sakin baki, neman fili ne in taro ya kaure. A zaman neman aure ko sasanta rikicin iyakar gona, zai bari kowa ya gama, sannan ya gyara murya sau ɗaya, a yi shiru. Ya sake gyarawa, ya gyara zaman hula. Ya ce, "Ni dai ba ni da abin cewa, duk an faɗa." Daga nan sai a aika a ce wa mata su sauke tukunya, don ba yanzu ba.

Waya ta zo ta tona asirin kowa, ta nuna ba mai murya ɗaya. Akwai mai auna ƙara da nisan gari: in Zonkwa ya kira, da dama-dama, in Kaduna ce, ya miƙe tsaye, in Legas ce, sai tsuntsaye sun tashi daga kan mangwaro. Akwai mai durƙusawa yana gaida surukinsa da ke Saminaka, har da cire hula. Akwai mai cewa "Ga ni nan a hanya, na kusa," yana miƙa kofi a ƙara masa shayi. Akwai mai cin bashi, wanda ranar karɓa harshensa ke zuba ratata kamar ruwan Matsirga da damina, ranar biya kuwa ya kama inda-inda da kame-kame. A nan ma na yi wa 'yar tawa iyaka: in'ina halitta ce, ba abin dariya ba ce, kuma mai ita sau da yawa ya fi kowa gaskiya, inda-inda kuwa ciwo ne da ke kama lafiyayyen harshe ranar da aka ritsa shi. Kada a ba maƙaryaci in'ina a labari, an zalunci masu ita.

A wayar nan dai muka kama jarumar labarin 'yar tawa da ranta. Wata budurwa ce a ƙofar shago, tana yi wa ƙanenta faɗa a tsawace, da muryar da za ta iya tsayar da babur. Waya ta yi ƙara, ta duba suna, sai ga murya ta narke ta koma ta 'yar shekara biyar, kalmomi na fita a shagwaɓe, ana jan kowane wasali kamar yauƙin kuɓewa. Tana kashewa ta ɗora faɗan daga inda ta tsaya. Na ce, "Kin gani? Zazzaƙar muryar gaskiya ce, amma kayan fita unguwa ce. Ke kin sa ta kwana da ita, ta yi shara da ita."

Ɗan Abuja wata uku ya yi a can, ya dawo Kirsimeti magana ta koma hanci, yana tambayar yadda ake cewa "ruwa" da yaren kakarsa. Iyayi ke nan, ko ƙaƙale. Maganinsa kunama. Ranar da ta same shi a bayan ɗaki, tsantsar Tyap ta fito, irin wadda tsofaffi ma suka ce rabonsu da ji tun rasuwar kakar.

Akwai wani da na so in tsallake, don na taɓa zama shi: mai gyara wa mutane Hausa. Shekarar da na dawo daga karatu a Zariya kaina ya yi girma. Na tsaya sayen acca wurin wata dattijuwa, ta ce mini yarinyarta "ya tafi" kawo canji. Na yi murmushin masana na ce, "Mama, ta tafi ake cewa." Ta ci gaba da awonta, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ɗana, kai yare nawa kana ji?" Na ce Hausa da Turanci. Ta lissafa nata da yatsu: Jju na gidansu, Tyap na gidan miji, Hausa ta kasuwa, Turanci na coci da asibiti, da Ibo da ta tsinta wurin maƙwabta. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare. Ta ce, "To ka yi haƙuri da ni, kaya ya yi mini yawa." Har yau ina nazarin abin da ta yi mini. Ba habaici ba ne, don habaici ba ya kallon mai shi, a kan kaza ko bango ake ɗora shi. Ba gatse ba ne, don gatse faɗin kishiyar abin da ake nufi ne, kamar a ce wa yaro mai ɓarna "Ƙara fasa wani." Baƙar magana ce, amma an dafa ta a sanyaye, har na ce na gode kafin na ji zafin. Tun ranar na daina ganin dariyar finafinan da ba sa ba mai irin wannan karin harshe komai sai matsayin wawa. Hausar Kafanchan tana da kiɗanta, kuma Bakanon da ke mata dariya, Basakkwace na can yana yi masa.

Na ƙarshe a littafin 'yar tawa shi ne wanda ba ya magana, shi ma kuwa ba iri ɗaya ba ne. Tsit na taro ne da aka yi wa ba-zata. Jugum na masu zaman makoki ne ko masu jiran sakamako. Gum na wanda ya sani ne ya ƙi faɗa. Wanda bai ce uffan ba, an jira ya ce ne. Wanda bai ce kanzil ba, an tsokane shi ne ya share. Shugaban masu shiru na wannan yanki kuma ba ya teburin mai shayi. Kan mutum ne na yumɓu da aka tono a wata mahaƙar kuza kusa da Jama'a, wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumi, kafin ya isa hannun Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, a Jos wajen 1943. Fagg ya ga ya yi kama da wani da aka tsinta tun 1928 a ƙauyen Nok na ƙasar Ham, daga nan sunan Nok ya shiga duniya. Ya haura shekara 2,000, bakinsa a ɗan buɗe kamar mai shirin gyaran murya, ya yi gadin gona shekara guda cur ba a ji ya nemi lada ba.

Bayan sati uku 'yar tawa ta sake turo labarin. Uwar miji ta ajiye taɓarya, ta daina daka tsawa. Yanzu tsaki take ja, a kowane shafi, wani shafin sau biyu. Saurayi ya fito daga randa, har ya yi inda-inda a gaban surukinsa. Budurwar ce dai tana nan da zazzaƙar muryarta daga farko har ƙarshe. Na kira ta na tambaya, sai ta ce, "Kawu, wannan kam ka bar mini ita. In na ba ta dusasshiya wa zai aure ta?" Na ce, "To." Ta ce, "Wane irin to ne wannan?"